Inda Iska Ke Sacewa: Darasin Mai Facin Mai'adua ga Ɗaliban Gasar Mutum-mutumi

Ranar Lahadi, idan la'asar ta yi a kasuwar Mai'adua, akwai wata ƙara da ke rinjayar kukan shanu da hayaniyar dillalai. Ƙarar tireloli ce da aka gama yi wa lodin dabbobi, direbobi sun tayar da inji suna jiran iska ta taru kafin su kama hanyar kudu. Jifa-jifa sai ka ji wani huci mai ƙarfi daga ƙarƙashin mota, alamar tanki ya cika ke nan. Direban da ya san aikinsa ba ya ɗaga mota sai allurar geji ta hau inda ya kamata, domin birkin da zai tsayar da wannan lodi a gangara da iska yake aiki.

A bakin titi kuma, ƙarƙashin rumfar kwano, ga mai faci da kwamfiresonsa da bahon ruwa. Idan aka kawo masa taya ta sace, sai ya hura mata iska ya kasa kunne. In bai ji komai ba, ya tsoma ta cikin ruwa yana juyawa gaɓa-gaɓa har kumfa ta nuna masa wurin. Bayan ya yi faci sai ya sake tsomawa, don ya tabbatar kafin ya karɓi kuɗinsa.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, makarantun ƙasar Daura da ke sha'awar shigar da ɗalibansu gasar ƙera mutum-mutumi su ɗauki gano matsalar na'ura a matsayin babban darasin da ake zuwa nema, su fara koyar da shi ta hanyar tsarin matsattsiyar iska, su kuma nemi wasu daga cikin malamansa a irin wannan rumfa ta bakin titi.

Kwana biyu ana zargin kwamfuta

Abin da ya kai ni ga wannan ra'ayi ƙaramin al'amari ne. Wani abokina da ke koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ya kira ni in duba na'urar da ɗalibansa suka haɗa. Mutum-mutumin gasa dai ba shi da siffar mutum: akwati ne mai tayoyi da batir da 'yar kwamfuta, da hannu mai ɗaukar ƙwallo ko wani abu makamancin haka. Nasu hannun da iska yake damƙa. Idan aka kunna, sai ya damƙi ƙwallo da ƙarfi sau uku ko huɗu, daga nan ya fara sanyi, kafin minti biyu ya daina riƙe komai.

Na tarar sun shafe kwana biyu suna sake rubuta umarnin kwamfuta. Sun canza batir. Sun yanke shawarar bawul ɗin lantarki ne ya lalace, har sun fara lissafin kuɗin da za a aika Legas a sayo sabo. Yara ne masu ƙwazo, sai dai duk zarginsu ya tafi ga ɓangaren da suka fi sani, wato kwamfuta, da ɓangaren da ya fi tsada.

Maimakon in taɓa komai, sai na ce mu ɗauki na'urar mu kai wa wani dattijo mai faci da ke kusa da makarantar. Ɗaya daga cikin yaran ya fara zuba masa bayani: "Baba, idan muka danna nan, saƙo zai je nan..." Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, ku cika tankin, ku kashe injin tukuna in ji." Muka yi tsit. Ya dubi allurar geji tana sauka a hankali, ya jiƙa soso da ruwan sabulu ya bi mahaɗar tiyo ɗaya bayan ɗaya. A ta biyar kumfa ta taso. An yanke bakin tiyon da almakashi, ya karkace, bai zauna daidai cikin zoben robar da ke riƙe shi ba. Ya sa reza ya gyara yankan, ya cusa, ya sake shafa sabulu. Duk aikin bai kai kwata na awa ba.

Dattijon bai taɓa ganin mutum-mutumi ba sai ranar. Hanyar bincike ce yake da ita, kuma ita ce yaran suka rasa.

Tafiyar iska daga tanki zuwa hannu

Aiki da iska ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zugazugin maƙeri na'urar matse iska ce: fata ta kumbura, a danna, iska ta bi ta bututu zuwa wuta. Abin da zamani ya ƙara shi ne adana iskar cikin tanki da sakinta daidai lokacin da ake so.

A jikin mutum-mutumin gasa, tafiyar iska tana bin matakai ne a jere. Kwamfireso ya matse ta ya tura cikin tanki. Wani makunni mai jin matsi yana kashe kwamfireso idan tanki ya cika, ya kunna shi idan ya ragu. Akwai bawul na kariya da ke buɗewa da kansa in matsi ya wuce kima, da bawul na hannu da ake buɗewa a zubar da iskar gaba ɗaya. Daga tanki iska ta shiga regileta, irin aikin da regiletar tukunyar gas ke yi a kicin, a rage mata ƙarfi. Sai ta isa bawul mai aiki da lantarki, wanda kwamfuta ke ba umarnin ya tura ta ta wannan ƙofa ko waccan. A ƙarshe ta shiga silinda, ta tura fistin, sandarsa ta fito ta motsa hannu.

Gasar da ta fi shahara da amfani da wannan tsari ita ce FIRST Robotics Competition ta Amurka. Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a ɗakin wasanni na wata sakandare a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Dokokinta sun iyakance iskar tanki ga psi 120, ta aiki kuma ga psi 60, bawul na kariya ya buɗe a 125. Psi shi ne ma'aunin da ke jikin gejin mai faci, kuma tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kimanin 30 zuwa 35. Gasar VEX ta tsaya a psi 100. A nahiyar Asiya akwai ABU Robocon, wadda aka fara a 2002 (wannan ABU ɗin ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ce ta Asiya, ba jami'armu ta Zariya ba), inda ɗaliban jami'a suka daɗe suna amfani da robobin lemo a matsayin tankin iska ƙarƙashin ƙa'idar matsi mai tsauri.

Lissafin ƙarfin silinda ba shi da wuya: matsi sau faɗin fuskar fistin. Silinda mai faɗin milimita 38, a psi 60, tana turawa da ƙarfin kilo 48, kusan nauyin buhun siminti. Idan aka rage faɗin zuwa milimita 19, ƙarfin ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma, wato kilo 12. Wajen dawowa kuma ƙarfin yana ɗan raguwa, saboda sanda ta cinye wani ɓangare na fuskar fistin. Ɗalibin da ya san wannan zai gane cewa yatsan da ya shiga tsakanin hannun na'ura yana cikin haɗari na gaske.

Tambayoyin da ake yi a jere

Gano matsala shi ne yin tambayoyi bisa tsari, kowace amsa ta rage yawan wuraren da ake zargi. Ga yadda nake ganin ya kamata a koyar da shi.

Tambayar farko: akwai iska? A dubi geji biyu, na tanki da na bayan regileta. Idan kwamfireso yana ta aiki allura ba ta hawa, abu na farko da za a duba shi ne bawul ɗin zubar da iska, domin mantawa da shi a buɗe na daga cikin kurakuran da suka fi yawa. Idan na tanki ya hau na aiki bai hau ba, a duba regileta: ko an murɗe ta ƙasa, ko an ɗaura ta a juye, alhali akwai kibiya a jikinta mai nuna inda iska ke bi.

Ta biyu: iskar tana zama? A cika tanki, a kashe komai, a rubuta lambar da geji ya nuna, a jira minti goma a sake rubutawa. A nan akwai wata dabara. Iskar da aka matse yanzu tana da zafi, idan ta huce matsinta zai ɗan sauka ko da babu huda ko ɗaya. Irin wannan saukar tana tsayawa bayan 'yan mintoci. Ta yoyo kuwa ba ta tsayawa. Wanda bai rubuta lamba sau biyu ko uku ba ba zai iya bambance su ba.

Ta uku: a wane ɓangare take fita? Maimakon a bi kowace mahaɗa da sabulu tun daga farko, a raba tsarin gida biyu. A zubar da iska, a cire tiyon da ke fita daga regileta a toshe, a sake cikawa. In allura ta tsaya cak, matsalar tana gaba, in ta ci gaba da sauka, tana baya. Sai a sake raba ɓangaren da ake zargi gida biyu. Tsarin da ke da mahaɗa 32, gwaji biyar kacal ya isa a kai ga mai laifin ta wannan hanya, idan huda ɗaya ce. A sannan ruwan sabulu ke tabbatarwa. Masu laifin da aka saba kamawa su ne tiyon da aka yanke a karkace, tiyon da bai shiga har ƙarshe ba, da mahaɗa mai tiredi da ba a naɗa wa farin tef ɗin masu aikin famfo yadda ya dace ba. Shi ma tef ɗin, idan aka naɗa shi har bakin mahaɗa, gutsurensa zai iya shiga ciki ya maƙale a bawul.

Ta huɗu ita ce ta fi kowace ceton lokaci: laifin iska ne ko na lantarki? Galibin bawul masu lantarki suna da wani ɗan maɓalli a jikinsu da ake dannawa da hannu. Idan aka danna silinda ta motsa, ɓangaren iska lafiya yake, sai a koma ga waya da fis da umarnin kwamfuta. Idan ba ta motsa ba, babu amfanin taɓa kwamfuta. Da ɗaliban abokina sun san wannan maɓalli, da daƙiƙa biyar ta wanke kwamfutar da suka kwana biyu suna tuhuma. A ɓangaren lantarki a lura da bawul mai son bolt 24 da aka haɗa da bolt 12, da kuma batir mai rauni wanda kwamfireso ke janye wa ƙarfi har sauran kayan su riƙa ɗaukewa. A sani kuma cewa yawancin waɗannan bawul suna amfani da iskar kanta wajen juyawa, don haka idan matsi ya faɗi ƙasa da kimanin psi 20 zuwa 30, ba za su amsa umarni ba ko da lafiyarsu ƙalau.

Ta biyar: silindar ce? Idan iska tana fita ba tsayawa ta ƙofar fitar da iska ta bawul, mai yiwuwa bawul ne, mai yiwuwa kuma robar fistin ce ta cinye iska na tsallakawa ta cikin silinda. Ana bambancewa ta hanyar cire tiyon ɓangaren da babu matsi a ga daga ina iskar ke fitowa, daga silinda ko daga bawul. Idan kuma silinda tana tafiya da tsalle-tsalle ko tana maƙalewa, a duba ko ana danna sandarta ta gefe, domin an yi ta ne don tura kaya a miƙe, nauyin gefe yana lanƙwasa ta.

Ta ƙarshe ita ce wadda ake yawan mantawa: anya akwai lalacewa ma? Silinda mai faɗin milimita 38 da tsawon tafiya santimita 15 tana da cikin da ya kai mililita 170. Tanki mai rabin lita da ya sauka daga psi 120 zuwa 60 ba zai cika irin wannan silinda da cikakken ƙarfi fiye da sau biyu ba, da ɗan ragowa. Ƙaramin kwamfireson da ake ɗaura wa na'urar kuma ba ya mayar da iska da saurin da ake kashe ta, ga shi wasan gasa kimanin minti biyu da rabi ne. Na'urar da ta yi sanyi a tsakiyar wasa wani lokaci ba ta da huda ko ɗaya, masu ita ne suka kashe iska fiye da abin da suka tara. Maganin wannan alƙalami ne da takarda: ƙaramar silinda, ko ƙarin tanki, ko rage matsin aiki zuwa abin da ake buƙata.

Doka ɗaya ta rufe duk waɗannan: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya canza abu uku na'ura ta tashi bai san wanne ne ya gyara ta ba, kuma gobe zai sake sayen ukun.

Abin da littafin kamfani bai faɗa ba

Kayan gasa ana ƙera su ne da tunanin ɗakunan wasanni masu sanyi. Yanayin Mai'adua daban yake. Da hunturu, ƙura mai laushi tana manne wa sandar silinda, ta haɗu da maiƙo ta zama kamar sanfefa, ta riƙa cin robar da ke bakin silinda. Ana bukatar goge sanda, rufe na'ura, da toshe bakin duk tiyon da aka cire. Da damina, iskar da kwamfireso ke zuƙa tana ɗauke da danshi, wanda ke zama ruwa a cikin tanki. Direbobin tirela sun san wannan, shi ya sa ake buɗe ƙasan tankin iska a zubar da ruwan da ya taru.

Da bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, matsala ta koma ta kumbura. Tankin da aka cika zuwa psi 120 da safe a digiri 25, idan ya zauna a rana ya kai digiri 45, matsinsa zai hau zuwa kusan 129, ya wuce inda bawul na kariya ke buɗewa. Ɗalibin da ya ji huci a lokacin zai ɗauka wani abu ya lalace, alhali bawul ɗin aikinsa yake yi. Mai faci ya san haka tun tuni, domin ya ga yadda taya ke yi a kan kwalta da tsakar rana. Abin da makaranta za ta ƙara shi ne dokar da ke bayyana dalili, da yadda ake lissafa adadin tun kafin abin ya faru.

Me ya sa abin ya wuce wasan yara

Matsin da ke cikin tankin mutum-mutumin FIRST kusan daidai yake da wanda ke cikin tankin birkin tirela, wanda ke kai-komo tsakanin psi 100 zuwa 125. Idan ya faɗi zuwa wajen 60, ƙararrawar gargaɗi ke kunnuwa a gaban direba. A Amurka, duk mai neman lasin tuƙa babbar mota mai birkin iska sai ya nuna ya iya gwajin yoyo: ya kashe inji, ya taka birki, ya dubi geji, kuma mota mai jan tirela kada ta yi asarar fiye da psi 4 a minti ɗaya. Gwajin da dattijon nan ya yi wa na'urar yara ke nan, an dai sa masa lamba da agogo. Tirelolin da ke bin hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram, da masu ɗaukar shanu daga Mai'adua zuwa Legas, rayukan mutanen da ke kansu da na waɗanda ke gabansu sun rataya ne a kan ko wani ya yi irin wannan gwaji da gaskiya.

Jirgin ƙasa ma haka. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, amma na farkon yana da aibi: idan bututu ya tsinke, birki ya tafi. A 1872 ya juya tsarin, ya zama faɗuwar matsi a bututu ita ce ke kama birki, ta yadda taragon da ya ɓalle zai tsaya da kansa. Wannan tunani, cewa a ƙera na'ura yadda in ta lalace za ta faɗa ɓangaren aminci, ɗalibi zai iya koyonsa a kan teburi ta tambaya guda: idan iska ta ƙare ko lantarki ya ɗauke, hannun nan zai saki kayan ne ko zai riƙe?

Yanzu a dubi abin da ake ginawa kewaye da mu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Daura akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Kamfanonin gini za su gama su tafi. Aikin da zai rage na shekaru aru-aru shi ne kulawa da gyara, kuma kowane tarago yana da bututun iska da bawul da robobin da ke tsufa. Idan 'ya'yan Mai'adua da Zango da Ɓaure da Sandamu ba su iya wannan aiki ba, za a kawo masu yi daga wani wuri, ko kuma a bar kayan su mutu. Kowa cikinmu ya san wani ofis ko asibiti da ke da na'ura mai tsada a kulle a ɗaki saboda ƙaramin abu da ba a samu mai ganowa ba.

Ga masu ja

Za a ce tsarin iska ya fara zama tsohon yayi, domin ƙungiyoyi da yawa a gasar FIRST sun koma ga ƙananan motocin lantarki masu ƙarfi, sun huta da nauyin kwamfireso da tanki. Gaskiya ne, kuma wanda burinsa kofi ne kawai yana da hujjar bin su. Haka nan gasannin da ɗaliban Najeriya suka fi shiga, irin su FIRST LEGO League da gidauniyar Coderina ke shiryawa, da FIRST Global da aka fara a birnin Washington a 2017, sun fi dogara ga motoci da na'urorin ji. Sai dai a matsayin abin koyarwa, iska tana da falalar da lantarki ba shi da ita: ana jin ta da kunne, ana ganin ta a kumfa, ana karanta ta a allura. Yaron da ya koyi raba matsala gida biyu a kan tiyo zai yi amfani da hanyar a kan waya da kuma rubutun kwamfuta, inda laifi ba ya huci. Masana'antu kuma ba su bar iska ba: injinan cika buhu da kwalba, kujerar likitan haƙori da garejin fenti duk da ita suke aiki.

Za a ce akwai haɗari. Akwai shi, kuma ban raina shi ba. Bututun PVC na ruwa bai dace da matsattsiyar iska ba, domin in ya fashe tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Tiyon da ya kuɓuce yana bulala. Dole a sa tabarau na kariya, a zubar da iska kafin a sa hannu, kada a taɓa toshe bawul na kariya, kada kuma a nuna wa jikin mutum bakin tiyo ko da wasa. Amma yaran da muke tsoron nuna wa psi 60 a aji, da yawansu suna tsaye kusa da tayar tirela mai psi 100 a gareji ba tare da kowa ya faɗa musu waɗannan dokoki ba.

Za a ce kayan suna da tsada. Na gasa suna da ita. Darasin farko kuwa sabbin sirinji biyu da guntun tiyo sun ishe shi: a danna ɗaya, ɗayan ya motsa, a cika da ruwa a sake gwadawa, yaro ya ji da yatsansa yadda iska ke matsuwa ruwa kuwa ya ƙi. Famfon keke da geji da ruwan sabulu sun isa darasi na biyu.

Za a kuma ce mai faci bai yi boko ba, wani lokaci ma aikinsa na canki-canka ne. Akwai masu irin wannan, kamar yadda ake da injiniyoyi masu takarda da ba su san komai ba sai canza kaya. Ba cewa nake a miƙa masa ajin ba. Shi yana da kunne da hannu da haƙurin bi a hankali, malamin kimiyya yana da lissafi da dalili. Ɗalibi yana bukatar su biyun, kuma a halin yanzu ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya.

Abin da za a iya farawa da shi a zangon karatu mai zuwa

Shugaban makarantar da ke da ƙungiyar kimiyya zai iya gayyatar mai faci ko makanikin birkin tirela sau biyu a zango, a biya shi hakkinsa, a gabatar da shi ga ɗalibai da sunan malami. Kowace ƙungiya ta riƙe littafin matsala, inda za a rubuta abin da aka gani, abin da aka zata, gwajin da aka yi, da abin da ya fito. Kada a saya wa ƙungiya sabon kaya sai ta nuna a rubuce gwajin da ya tabbatar tsohon ya mutu.

Masu shirya gasa a matakin jiha ko masarauta, da manyan makarantun Daura da za su iya ɗaukar nauyinta, ina ba su shawarar su ƙara zagaye ɗaya: a ba kowace ƙungiya na'urar da alƙalai suka ɓoye wa laifi uku, ƙaramar huda, wayar da ta saki, da regiletar da aka murɗe, a ba su minti ashirin. A ba da maki ga wanda ya gano, a ƙara wa wanda ya iya bayyana yadda ya gano. Irin wannan zagaye ba ya fifita makarantar da ta fi kuɗin sayen kaya, don haka yaron makarantar gwamnati daga Mai'adua zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da na Abuja.

Ɗaliban abokina sun ci gaba da aikinsu. Da na sake leƙa su bayan 'yan makonni, na ga sun ƙara abu biyu a akwatin kayansu, reza da robar ruwan sabulu, kuma a bangon ɗakin an manna takarda mai ɗauke da lambobin geji na kowace safiya. Wata yarinya daga cikinsu ce ke rubutawa, ita ce kuma ta nuna mini cewa tun ranar Talata tankin yake asarar psi 3 a minti goma, tana so su gano dalili kafin ya ƙaru.